Masu Ɗura Waƙa na Baɗha

Da kaset goma sha ɗaya na shigo Riyad a 1998. Na san adadinsu ne don sai da jami'in kwastan na filin jirgin Sarki Khalid ya jera su a kan teburi ya ƙirga, yana juya kowanne yana neman rubutun da zai iya karantawa. Huɗu na tafsirin Malam Abubakar Gumi ne da aka naɗa daga Rediyon Kaduna, uku na Shata, biyu na Ɗanƙwairo, ɗaya na Ɗanmaraya. Na sha ɗayan babu komai a cikinsa. Inna ce ta sa aka sayo, ta ce idan na sauka in naɗi muryata in aiko mata, don ita takarda sai an karanta mata, kuma mai karantawa ba ya karanta mata yadda nake magana. Karatu na zo yi a cibiyar koyar da Larabci ta Jami'ar Sarki Sa'ud, da niyyar shekara biyu. Aiki ya riƙe ni, ga shi har yau ina nan.

A cikin zaman nan ne na ga wata sana'a ta tsiro a kan idona, ta ciyar da mutane, ta bushe, duk cikin shekarun da ba su kai goma sha biyar ba. Ita ce sana'ar ɗura waƙa da karatu a na'urar saurare ta aljihu da memorin waya. A Kano ana ce wa masu yin ta masu tura waƙa ko 'yan dawunlodin. A nan ba su da suna, ba su da sarkin sana'a. Mutum ne kawai a kusurwar shagon waya, da kwamfuta a gabansa da damin kebul rataye a ƙusa. Amma ta hannunsu muryar gida ta riƙa iso mana, kuma abin da suka bari a aljihunmu ya fi abin da muka ɗauke shi daraja.

Sai mai karatu ya san cewa Riyad ba Makka ba ce. Mafi yawan Hausawan Saudiyya suna Hijaz ne, a Makka da Madina da Jidda, inda kakanni suka iso da ƙafa ta Chadi da Sudan suka haye Bahar Maliya, da yawa daga cikinsu bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. A wasu unguwannin can kana iya wuni ba ka buƙaci Larabci ba. A Riyad kuwa mu 'yan kaɗan ne a warwatse cikin birni mai faɗi: ɗalibai, direbobi, masu gadi, mata masu aikatau, ma'aikatan ofishin jakadanci. Akwai 'yan ƙasa masu laƙabin Hausawi, waɗanda da yawansu Hausar ta tsaya a kan kakanninsu. Shahararriyar mawaƙiyar nan Itab, wadda aka haifa a Riyad a 1947 ta rasu a Alƙahira a 2007, tana ɗauke da wannan laƙabi, amma da Larabci ta yi waƙarta. Wanda yake son jin kalangu sai ya nemi wanda ya zo daga gida.

Mahaɗarmu Baɗha ce, tsohuwar cibiyar kasuwancin birnin, tafiyar ƙafa daga fadar Masmak. A lokacin hutun mako Alhamis da Juma'a ne, sai a 2013 aka mai da shi Juma'a da Asabar. Daga la'asar ɗin Juma'a Baɗha takan cika har ka rasa inda za ka sa ƙafa: 'yan Indiya da Bangaladash da Fakistan da Filifin da Yaman da Sudan da Habasha, kowa da lungunsa da gidan abincinsa, kowa ya zo aika kuɗi gida ko sayen tsaraba ko ganin na garinsu. A wancan zamani ana kiran salla a ja ƙofofi, a idar a buɗe, ciniki ya ɗora daga inda ya tsaya.

A lokacin shagunan kaset iri biyu ne a garin. Akwai waɗanda ake kira tasjilat Islamiyya, irin su Taƙwa, masu sayar da karatun Sudais da Shuraim da Huzaifi, da darussan Shaikh Bin Baz da Shaikh Usaimin, da anashid marasa kiɗa. Waɗannan sun bunƙasa ƙwarai daga shekarun 1980 zuwa na 1990, suna da injinan da ke kwafar kaset da yawa a lokaci guda, malami ya yi lacca yau, kafin mako ya zagayo tana cikin motoci. Sai kuma shagunan waƙa, masu Muhammad Abdu da Ɗalal Maddah da waƙoƙin Indiya, waɗanda ke ciniki da taka-tsantsan saboda 'yan Hai'a, wato 'yan hisbar ƙasar. A lokacin babu kiɗa a gidan abinci, babu a kasuwa, mai mota ma idan ya tsaya a danja yakan rage sauti. Saboda haka iyafis ya yi daraja a nan fiye da yadda ya yi a Kano. Walkman ɗin da kamfanin Sony ya fitar a 1979 kamar don baƙon Riyad aka ƙera shi: kana tafe a titin Sarki Faisal, Shata yana cikin kunnenka, ba ka dami kowa ba, kowa bai dame ka ba.

A duk shagunan nan biyu babu kaset ɗin Hausa ko ɗaya. Namu a jakar alhazai da 'yan Umara yake zuwa. Ya sauka Jidda, ya kwana a hannun wani a Makka, sannan ya biyo motar Saptco tafiyar kilomita kusan dubu zuwa Riyad. Kafin ya iso gare ka an kwafe shi sau uku ko huɗu a rikoda mai baki biyu, kowace kwafa tana cin wani abu daga muryar, har amshin 'yan amshi ya koma kamar ana yin sa a cikin rijiya. Ga zafin garin nan. Ka manta kaset a gaban mota da azahar ɗin watan Yuli, ka dawo ka tarar ya lanƙwashe. Idan rikoda ta cinye zare, a zaro shi a hankali, a sa biro a naɗe, inda ya tsinke a liƙe da ɗan salatif ko jan farce. Da Shata ya rasu a watan Yunin 1999, a Sashen Hausa na BBC muka ji. Daren Alhamis ɗin da ya biyo baya mu bakwai muka taru a ɗakin wani direba a unguwar Manfuha, kowa ya zo da kaset ɗin Shatan da yake da shi. Muka yi masa addu'a, sannan muka kwana kwafa, don kowa ya tafi da abin da babu a wurinsa. Kaset mai minti casa'in minti casa'in yake ɗauka a rikodarmu, babu gajeriyar hanya, har asuba ba mu gama ba.

Akwai kuma kaset ɗin wasiƙa. Na Inna yakan zo sau ɗaya ko biyu a shekara. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana a ciki ba, sai dai ta ce, "Ɗan nan, ina gaishe ka, ina gaishe da baƙunta." Ta faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu da yadda damina ta yi, ta kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya su gaishe ni, ana jin zakara da ƙarar turmi a bayansu. Ƙarshen fuska ta biyu kullum addu'a ce har zaren ya ƙare.

Muna cikin wannan hali ashe an riga an ƙirƙiro abin da zai kashe kaset. Injiniyoyin cibiyar Fraunhofer a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, sun gano yadda za a matse sauti ta hanyar zubar da abin da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa, fayil ya ragu kusan sau goma. A 1995 aka raɗa wa irin fayil ɗin suna MP3. A 1998 wani kamfanin Koriya ta Kudu ya fitar da MPMan, a Amurka kuma aka fitar da Rio, wanda ke ɗaukar megabait 32, wato kusan rabin awa na waƙa. A watan Oktoban 2001 Apple ya fito da iPod. Mu duk wannan daga nesa muke jin sa. Intanet ma sai a 1999 aka buɗe wa jama'a a Saudiyya, ta layin tarho, mai tsada da nawa.

Abin da ya iso Baɗha da gaske ba iPod ba ne, ƙananan na'urori ne 'yan Chana masu girman babban yatsa, da batir ƙarami guda ɗaya, da ɗan allo mai shuɗin haske. Suna kama rediyo, suna naɗar murya, kana cire murfin ka soka su a kwamfuta kamar filash. A 2005 na sayi tawa, mai megabait 256. Dalilin da suka ci kasuwa a wurinmu mai sauƙi ne. Shi iPod sai da manhajar iTunes, kuma da kwamfuta ɗaya yake ƙulla zumunci, idan ka kai shi wata ka ce ta daidaita shi da nata waƙoƙin sai ta nemi share na ciki. An yi shi ne don mai kwamfutar kansa a ɗakinsa. Mu kuwa mutum shida a ɗaki babu mai kwamfuta. 'Yar Chana ba ruwanta, duk kwamfutar da ka kai ta za ta buɗe, a jawo fayil a jefa mata. A wannan giɓi, tsakanin mai na'ura da mai kwamfuta, sana'ar ta samu gindin zama.

Wanda nake kai wa ɗan Bangaladash ne, a hawa na biyu na wani ginin 'yan waya, yana hayar rabin teburi daga mai shagon. "Sadik, kam mega?" ita ce gaisuwarsa, wato aboki, nawa na'urarka take ɗauka. Daga amsarka zai yi lissafi, kuma lissafin shi ne rabin sana'ar. Waƙa a matsewar da aka saba, 128, tana cin kusan megabait ɗaya a kowane minti, don haka tawa ba ta wuce awa huɗu da 'yan mintuna ba. Ga mai jin waƙar Indiya ta minti biyar wannan waƙa hamsin ce. Ga mai jin Shata, wanda waƙa guda kan cinye fuskar kaset, abin kaɗan ne. Shi ya koya mini cewa magana ba ta buƙatar abin da kiɗa ke buƙata: idan aka matse karatu zuwa 32, awa guda ba ta kai megabait goma sha biyar ba, kuma muryar malam tana fita tangaran. Da haka nake raba ta, kashi ɗaya tafsiri, kashi ɗaya waƙa, idan na ƙoshi da su in koma Juma'a ta gaba a share a zuba sababbi. Zaɓe dole ne a lokacin. Kana tsaye a bayansa kana nuna masa da yatsa, sa wannan, cire wancan, na bayanka yana jiran layi.

Kwamfutarsa taswirar Baɗha ce. Folda ga 'yan Kerala, folda ga Fashtun, ga Filifin, ga Sudan, ga Habasha, ga Alƙur'ani mai rassa da sunayen alarammomi. Da na fara zuwa babu ta Hausa. Ni da wasu muka kafa ta ba da niyya ba. Na kawo masa kaset ɗina, ya haɗa kebul daga ramin iyafis na rikoda zuwa ramin shigar sauti na kwamfuta, ya danna, kaset yana juyawa kwamfuta tana naɗa, ni kuma na tafi na ci abinci na dawo. Ya yanka dogon fayil ɗin gida-gida a inda ya ga sauti ya yi shiru, ya matse, ya zuba mini, ya kuma ajiye wa kansa kwafi. Wannan ita ce ƙa'idar da ba a faɗa: duk abin da ya ratsa kwamfutarsa ya zama jarinsa. Ya sa wa foldar suna "Naijiri", ta haɗa mu da 'yan Nijar. Bayan shekara biyu ta fi ƙarfin kowane ɗayanmu. Wani Bamaradi ya kawo Ɗan Anace da Ali Makaho, wata Hajiya ta aiko direbanta da Barmani Choge, ɗalibai suka kawo karatun Alaramma Ahmad Sulaiman, wani dattijo mai gadi ya kawo Narambaɗa a kaset ɗin da ya ce ya girmi 'ya'yansa. Mutumin da bai san kalma ɗaya ta Hausa ba ya zama ma'ajin waƙar Hausa mafi girma da na sani a Riyad.

A nan kuma matsalar take, wadda har yau muke ɗauke da ita. Tun da ba ya jin abin da ake faɗa, sunayen da yake ba fayil lambobi ne, ko "Shata 1", "Shata 2", ko ya rubuta abin da kunnensa ya jiyo. Duk mai kalangu Shata ne a wurinsa, duk mai kotso ko taushi Ɗanƙwairo. Idan ka rubuta masa sunan da kanka, na'urar ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ta nuna alamar tambaya ko ɗan akwati, rubutun Larabci ma sau da yawa tarkace yake fitowa. Na'urar kuma tana jera fayil da haruffa ne, ba da hankali ba, saboda haka tafsirin rana ta 10 da ta 11 sukan shigo gaban na rana ta 2. Kana bin Suratul Baƙara sai ka tsinci kanka a wani wuri. Sai da muka koyi sa sifili a gaba, 01, 02, kafin karatu ya miƙe. Wannan mun gyara. Sunan mawaƙi da wanda aka yi wa waƙar da shekarar da aka naɗa kuwa, waɗanda da ake rubutawa da biro a bayan kaset, sun faɗi a hanya, ba mai tsintar su.

Wayar hannu ce ta haɓaka kasuwar. An taɓa hana waya mai kyamara a ƙasar, sai a ƙarshen 2004 aka ɗage haramcin. Nokia 6600, wadda 'yan Saudiyya suka raɗa wa suna Panda, ta zo da memori da Bluetooth, kuma Bluetooth ya zama ruwan dare a Riyad, matasa suna kunna shi a kantuna da danja suna tura wa juna abubuwa. Mu kuma bayan sallar Juma'a mukan tsaya a inuwa a haɗa wayoyi, waƙa guda ta ɗauki mintuna tana tafiya, kowa ya riƙe tasa kusa da ta ɗan'uwansa kada ta katse. Daga nan ƙaramar memori mai girman farce ta shigo, giga ɗaya, giga biyu, ta zama ita ce kaset ɗin zamani. Giga ɗaya tana ɗaukar kusan awa saba'in na karatu. Tafsirin azumi guda na Malam Ja'afar Mahmud Adam daga masallacin Indimi na Maiduguri yana shiga cikin abin da za ka ɓoye a ƙarƙashin harshe. Da aka kashe shi a masallacin Ɗorayi a Kano ranar 13 ga Afrilun 2007, makonnin da suka biyo baya ɗan Bangaladash ɗin nan bai ɗura wa 'yan foldar "Naijiri" wani abu kamar karatunsa ba. Ya tambaye ni, "Sadik, wane ne wannan shaikh?" Na faɗa masa. Ya yi shiru, ya ce Allah ya ji ƙansa, ranar bai karɓi kuɗina ba.

A daidai lokacin can gida ma sana'ar ta kafu. A Kano masu kwamfuta sun zauna a kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut da kusan kowace mahaɗa, har ƙauyuka, wasu da ɗan janareto a ƙarƙashin lema. Waƙoƙin fim da na su Aminu Ala da Nazifi Asnanic da Ali Jita da Fati Nijar, daga baya Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, suna fita daga situdiyo su faɗa memori. Alhaji ya ɗuro a Kano, ya sauka Jidda, cikin kwanaki abin yana Baɗha, kuma kwafi na ɗari daidai yake da na farko, ba ya dusashewa kamar kaset. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta haramta saurare da yaɗa wasu waƙoƙi goma sha ɗaya, a zamanin takun-saƙa tsakanin mawaƙa da hukumar tace fina-finai. Yawancinsu na ji su a nan Riyad. Ana iya rufe shago, ba a iya rufe aljihun mutane. Irin wannan fatauci ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tarar a arewacin Mali, ya tattara waƙoƙin da ya kwafo daga wayoyin mutane ya fitar da su a faifai a 2011, ta nan ne mutanen waje da yawa suka fara jin Mdou Moctar na Nijar.

Dole in faɗi ɓangaren da ba shi da daɗi. Kuɗin da muke biya a Baɗha ko sisi bai kai ga mawaƙi ba. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da suka rayu da kaset da faifan sidi sun ga cinikinsu yana zagwanyewa, mawaƙa kuma suka koma dogaro da biki da 'yan siyasa, abin da ya canja irin waƙar da ake yi. Ni ina cikin waɗanda suka ci wannan haƙƙi, kuma ban ga amfanin a ce ba haƙƙi ba ne. Abin da zan ce kawai shi ne, a wancan lokaci ko kana son saya da halaliyarka babu inda za ka saya a birnin nan.

Ita ma memorin tana da nata ha'inci. Akwai ta jabu, an rubuta giga takwas a jikinta alhali biyu take ɗauka, ka zuba ta karɓa, ka je gida ka tarar rabin fayil ba ya buɗewa. Akwai bairos, wanda kwamfutocin shaguna ke raba wa kowa kyauta, ya ɓoye folda ya bar inuwarta. A 2011 ya kama tawa. Inna ta rasu a 2009, kuma kafin nan na riga na sa an juye kaset ɗin wasiƙunta guda shida zuwa memori. Su kaset ɗin sun lalace a wani ɗakin ajiya mai zafi lokacin da muka yi ƙaura. Ranar da wayar ta ƙi karanta memorin, mutumina ya tafi hutu ƙasarsu, sai na miƙa wa wani yaro a wani shago. Kafin in gama bayani ya yi mata fomatin. Ya ce ai ta gyaru. Daga baya na san cewa fayilolin suna nan a ɓoye, da an bi a hankali da an fito da su, har bayan fomatin ɗin ma da ban zuba wani abu a kai ba. Wasiƙa ɗaya ta tsira, wadda na taɓa tura wa ƙanwata. Minti arba'in da ɗaya ce. 'Ya'yana da aka haifa a nan, da ita suka san muryar kakarsu.

Mutuwar sana'ar ba ta ɗauki lokaci ba. Wayoyi masu intanet suka yi arha, WhatsApp ya sa ƙanenka a Katsina zai turo maka waƙa ranar da ta fita, YouTube ya ɗauke sauran. A watan Nuwamban 2013 wa'adin gyara iƙama, wato takardar izinin zama, ya cika aka fara kame, mutane da yawa daga Manfuha da kewayen Baɗha aka mai da su gida, ciki har da abokan cinikin teburan nan. A 2016 ma'aikatar ƙwadago ta ce sayar da waya da gyaranta na 'yan ƙasa ne kaɗai, rabi zuwa watan Yuni, gaba ɗaya zuwa Satumba. Mutumina ya tattara ya koma Bangaladash a shekarar. Na je na tarar da teburin babu kowa. Da kwamfutar ya tafi, da foldar "Naijiri" a cikinta.

Garin ma ya canja. A 2016 aka rage ikon 'yan Hai'a, a watan Maris na 2017 Muhammad Abdu ya hau dandamali a Riyad bayan shekaru masu yawa ba a yi irin haka a birnin ba, a ƙarshen 2018 Spotify ya shigo ƙasar, a 2022 Apple ya daina ƙera iPod. Yanzu jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka buɗe a Disamban 2024, yana da tasha a Baɗha, kuma kusan kowa a cikinsa da abu a kunne. Ragowar sana'ar tana ga ƙananan rediyoyi masu cin memori, waɗanda ake sayar da su da Alƙur'ani a ciki, alhazai suna kai wa tsofaffi tsaraba, da kuma masu kiwon raƙuma a bayan gari inda sabis ba ya kaiwa.

Na bincika intanet da kyau. Shata yana nan da yawa, Ɗanƙwairo ma haka, duk da cewa sau da yawa da sunan da ba nasu ba, irin kuskuren da aka gada daga teburan ɗura waƙa. Amma Narambaɗan dattijon nan mai gadi, irin naɗin da na ji a kaset ɗinsa, ban same shi ba. Wa'azin malaman ƙauye da aka naɗa a rikoda, da kiɗan bikin gidanku, da wasiƙun iyaye, waɗannan babu kamfanin da zai ɗora su. Suna cikin kaset a ƙasan akwati da memori a cikin matattun wayoyi, a Riyad da Makka da Jidda da Kano da Maraɗi, kuma dukkansu biyu ba sa jiran kowa: zare yana manne wa juna, memori tana mutuwa ba sallama.

Don haka ina roƙon duk wanda yake da irin waɗannan ya fito da su tun suna buɗewa. A juye su a wuri biyu, ɗaya a nan ɗaya a gida. A zauna da dattijon da ya san su a rubuta a sunan fayil ɗin wane ne mawaƙin, wa ya yi wa, a wane gari, a wace shekara. Abin da ya shafi tarihin jama'a a kai kwafinsa Arewa House a Kaduna ko Gidan Ɗanhausa a Kano ko sashen Hausa na jami'ar da ta fi kusa. Kada a miƙa wa kowa memori ya yi mata fomatin kafin a kwashe abin da ke ciki. Wanda kuma yake nan Riyad da kaset a hannu ba shi da abin juyewa, rikodata tana aiki, kebul ɗin ma yana nan, ya neme ni a Baɗha bayan sallar Juma'a.